Zanen gadar Nihonbashi ya biya ni, na ruwan sama kuwa an cuce ni

Zane biyu na Hiroshige, wani shahararren mai zane na Japan a ƙarni na 19, na yi oda daga wani shago a Japan ta intanet, irin waɗanda ake sassaƙa katako, a shafa masa launi, a ɗora takarda a murza da hannu. Sabon bugu ne, na asali kowa ya san kuɗinsu ba na irinmu ba ne.

Na farko shi ne gadar Nihonbashi da asuba, wanda ya buɗe jerin zanensa na zango 53 na hanyar Tokaido, tsohuwar hanyar da ta haɗa Edo (Tokyo ta yau) da Kyoto, a wajajen 1833. Wallahi da na warware shi sai da na nemi wuri na zauna. Ga tawagar wani basarake tana gangarowa daga gada, ga masu tallar kifi da kwanduna a kafaɗa sun ratse gefe, ga karnuka biyu a lungu sun juya wa kowa baya. Shuɗin samansa ya fara da duhu yana sauka yana washewa, kamar ƙyallen da aka tsoma a marinar Ƙofar Mata. Da na juya bayan takardar, launin ya ratso, har ana ganin sawun abin da aka murza da shi. Da a nan aka tsaya, da na bar wa masu shagon yabo mai yawa.

Sai na buɗe na biyu. Shi ne ma dalilin odar tawa: ruwan sama ya tsuge wa mutane a kan gadar Ohashi, na 1857, wanda Van Gogh, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holland, ya kwaikwaya da fenti. Duk daɗin zanen nan yana cikin siraran layukan ruwan da suke gittawa juna, da baƙin hadarin da ya taso daga sama. Abin da na samu kuwa takarda ce mai sheƙi, bayanta fari fat. Na kusanto da kyamarar waya, sai ga ɗigo-ɗigon injin buga takarda. Hadarin ya zama baƙin tabo kawai, mutanen da ke gudu sun rufe kai da tabarma ko fitowa sosai ba su yi ba a kan takardar. Kuɗi ɗaya na biya da na farkon, bayanin da suka rubuta a ƙarƙashinsu ma iri ɗaya ne, aikin hannu.

Na rubuta musu. Sun amsa da ladabi sosai, ban hana su wannan ba, amma wai in mayar da shi da kuɗina. Kuɗin aikawa daga nan ya kusa kuɗin zanen! Haba, laifin wa?

Shiryawarsu tana da kyau, babu abin da ya lanƙwashe. Amma ni dai ba zan ƙara saye a wurinsu ba sai sun fara turo min hoton bayan takardar.