Ma'ajiyar wucin gadi ta Nginx: tana aiki, amma ba ta faɗin dalili

Manhajar Nginx, mai karɓar buƙatun shafukan intanet ta miƙa amsarsu, wadda Igor Sysoev ya fitar a 2004 kuma kamfanin F5 ya saya a 2019, tana da sigar kyauta, kuma ga ofisoshin Damagaram da ke jan bayanansu daga uwar garken da ke Yamai, tazarar kusan kilomita 900, babu ɓangarenta da ya kai ma'ajiyar wucin gadi amfani. Ana girka ta a wata kwamfuta cikin ofis, ta riƙa ajiye kwafin amsar da ta zo daga nesa, ta yadda idan akawu na biyu ya nemi jerin farashin kaya, ba sai buƙatarsa ta sake yin doguwar tafiya ba. Ba ta cin ƙarfin na'ura, domin megabait 1 na wurin makullai yana ɗaukar kimanin makullai 8,000, wato alamomin da take gane kowane kwafi da su. Abin da na fi yaba mata shi ne umarnin proxy_cache_use_stale, wanda ke ba ta damar miƙa tsohon kwafi lokacin da layin intanet ya yanke, abin da ba baƙo ba ne a garin nan.

Inda take gajiyar da mutum shi ne saƙon BYPASS, wato an tsallake ma'ajiya. Da farko ma ba ta nuna shi sai an sa $upstream_cache_status, mai nuna yadda ma'ajiya ta yi da buƙata, cikin rajistar aiki ko cikin bayanan da ke saman amsa, sannan idan ya bayyana, kalma ɗaya ce tak, ba tare da bayanin wane sharaɗi ne ya jawo shi ba. Masu gyara da yawa suna ɗaukar sa a matsayin lalacewa, su goge ma'ajiyar, su sake tayar da na'ura, alhali saƙon yana nufin cewa buƙatar ta dace da wata ƙa'ida da mai kula da tsarin ya rubuta da hannunsa a ƙarƙashin proxy_cache_bypass. Ƙa'idar kuwa mai saurin kamawa ce: muddin ɗaya daga cikin abubuwan da aka jera yana ɗauke da wani abu da ba sifili ba, to an tsallake ma'ajiya.

A manhajojin kamfanoni, mai laifin da aka fi kamawa shi ne $http_authorization. Yawancin hidimomin bayanai suna buƙatar a aika shaidar mai shiga tare da kowace buƙata, saboda haka duk wanda ya kwafo wannan layi daga misalan intanet ya rufe ƙofar rumbun da ya gina, ko da jerin sunayen garuruwa aka nema, wanda ba sirrin kowa ba ne. Na biye da shi shi ne $http_pragma, da ke tashi duk sa'ad da ma'aikaci ya tilasta wa shafi sabuntawa. Hanyar da na ga ta fi sauƙi ita ce a rubuta waɗannan abubuwa a rajista kusa da saƙon, a duba wanne ne ke cike, tare da kiyaye kada a adana kalmar sirrin kowa a fili.

Akwai tarko guda da ya kamata a yi hattara da shi. Tsallake ma'ajiya wajen karatu ba ya hana ajiye amsar da ta dawo. Sai an haɗa da proxy_no_cache, umarnin da ke hana ajiye amsa, in ba haka ba takardar albashin wani tana iya faɗawa hannun abokin aikinsa. Haka nan amsar da ta zo da Set-Cookie, umarnin ajiye ɗan bayani a na'urar mai shiga, ba a ajiye ta, amma saƙon da za a riƙa gani a nan MISS ne, wato ba a sami kwafi a ma'ajiya ba, don haka neman matsalar a ƙa'idar tsallakewa ɓata lokaci ne.

Umarnin goge kwafi guda, proxy_cache_purge, a sigogin da kamfanin ke fitarwa, yana cikin sigar kuɗi ta NGINX Plus kawai. Ga ƙaramin ofis da farashinsa ke sauyawa a tsakiyar rana, wannan rashi ne na gaske, kuma wata mafita ita ce a gajarta wa'adin ajiya zuwa 'yan mintoci.