Gargaɗi ga masu jif a Kano: ku kula da mai saka sikirin ɗin Android da ke bin mutane har gida

Assalamu alaikum jama'ar Kano, musamman masu jif irin su Highlander, RAV4, Prado, Lexus RX, Pilot da CR-V. Akwai wani mai saka sikirin ɗin Android a mota da yake yawo a garin nan yana cutar bayin Allah, kuma cutar tasa ba ta tsaya a kan kuɗin da ya karɓa ba, har motar yake lalatawa ya yi gaba. Ni mai wayarin ɗin mota ne, da wannan sana'ar nake riƙe da iyalina, kuma motocin da ya taɓa sun zo garejinmu da yawan da ya sa na daina ɗaukar abin a matsayin tsautsayi. Lambar waya daban, sunan shafi daban, amma ina buɗe dashbod nake gane hannunsa. Murɗin wayar iri ɗaya, baƙin tef ɗin iri ɗaya, ƙaryar da ya yi wa mai motar ma iri ɗaya.

Ba shi da shago. A Facebook da TikTok yake talla, sai kuma a sitatus ɗin WhatsApp. Bidiyon yana da kyau: cikin wata Prado fes, ƙaton sikirin inci 10, taswirar Kano a buɗe, a saka ribas kyamara ta kawo. A ƙasa ya rubuta Android 14, ram gig 8, ma'adana gig 128, garanti shekara guda, kuma har gida ko ofis za a zo a saka maka. Farashin yana ƙasa da na shago, amma ba ƙasa sosai yadda mutum zai yi zargi ba, nan ne wayonsa yake. In ka ce za ka zo ka ga kayan, sai ya ce ana gyaran shagon, kayan suna sito. Sai ya nemi rabin kuɗi kafin alƙalami. Yana zuwa kuwa, ba ya saɓa alkawari a wannan matakin. Amma ku lura da lokacin da yake zaɓa: bayan la'asar sakaliya, yadda zai gama daidai kiran magariba, mai mota yana gaggawar alwala. Ya kunna maka waƙa, ya nuna maka taswira, ya shiga saitin ya nuna maka lambobi, ka tura ragowar kuɗi, shi ke nan.

Waɗannan lambobin na cikin saitin su ne tushen damfarar. Mutane sun saba da waya, inda abin da saitin ya faɗa shi ne gaskiya. A waɗannan sikirin ɗin masu araha ba haka ba ne. Rubutun da ke wurin, wanda ya haɗa manhajar na'urar shi ne ya saka shi, kuma zai iya saka duk abin da ya ga dama. Waɗanda na cire daga motocin nan, injin cikinsu ƙaramin nan ne da ake kira 8227L, mai ƙwaƙwalwa huɗu, wanda ake haɗa shi da ram gig 1 ko 2 da ma'adana gig 16 ko 32. Android ɗin ciki tsoho ne. Akwai wata lamba da ake kira API, kowane Android da tasa: na 8.1 lambarsa 27, na 9 lambarsa 28, na 10 lambarsa 29, na 13 lambarsa 33, na 14 kuma 34. In sikirin ya ce maka shi Android 14 ne amma API ɗinsa 27, to abin da ke gabanka Android ɗin 2017 ne aka yi wa sabon suna, ba na 2023 ba.

Wani Alhaji ya kawo Highlander ɗinsa, ƙorafinsa batir. Kullum da asuba sai an yi masa jan wuta kafin ta tashi. Ya riga ya sayi sabon batir, wani kuma ya ce masa altaneta ce, har ya fara ciniki. Na kashe motar, na zare makulli, na bar ta ta yi barci, na saka mita. Motar da ke da lafiya in tana ajiye abin da take sha ba ya wuce miliamf 50 ko kusa da haka. Wannan kusan amf guda take zuƙa, wato miliamf dubu, ga makulli a hannuna. Na ɓalle fuskar dashbod na jawo sikirin ɗin waje.

Abin da na gani ya ɓata min rai. Soket ɗin kamfani, wanda aka ƙero motar da shi, an datse shi da filaya an jefar. Wayoyin an fiƙe su an murɗa da hannu, babu dalma, babu komai, sai baƙin tef ɗin da zafin rana ya riga ya narkar da gam ɗinsa, yana kwancewa da kansa, jan ƙarfen waya a fili kusa da ƙarfen dashbod. Fiyus ɗin da ya kamata ya kasance a kan wayar wuta babu shi. Sannan ga babbar ɓarnar: a rediyon mota akwai waya ruwan ɗorawa mai ɗaukar wuta kai tsaye daga batir don riƙe saitin, akwai ja wadda ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Ita ja ɗin ce ke gaya wa na'urar ta kwanta. Shi sai ya haɗe su biyun ya ɗaura a kan wutar batir. Ke nan sikirin ɗin ba ya mutuwa, dare da rana, fuskar ce kawai take yin duhu.

Kuma ba jahilci ne ya sa shi yin haka ba, da gangan ne. Ƙaramin injin nan in ya mutu gaba ɗaya yana daɗewa kafin ya farka, mai mota zai gane rauninsa tun a gwajin farko. Amma in wuta ba ta yanke masa ba, kana taɓawa zai kawo, ka ce ka sayi mai sauri.

Na sauke manhajar gwaji na nuna wa Alhaji ainihin abin da ke cikin na'urar. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Injiniya, wallahi da idona na ga an rubuta gig 8." Na ce, "Ranka ya daɗe, ka gani, ba ka yi ƙarya ba. Rubutun ne ƙarya." Ya kira lambar a gabana, a kashe. Ya duba shafin, an toshe shi. Dattijo ne mai mutunci, bai ɗaga murya ba, innalillahi kawai ya yi, ya tambaye ni nawa gyaran wayarin zai ci.

Na tambaye shi ina rediyon motar na asali. Ya ce yaron ya tafi da shi, wai zai rage masa wani abu a kuɗin aiki tunda ba shi da sauran amfani. Wannan ita ce riba ta biyu. Rediyon kamfani na irin waɗannan motoci yana da kasuwa, duk wanda ya taɓa nemansa a wurin masu kayan gyara ya san ba a samunsa da araha. Kuma da ya tafi da shi, ga soket a yanke, ya rufe maka hanyar komawa yadda motarka take.

Jif ɗin nan da yawa ba a cire musu rediyo a dasa wani kai tsaye kamar tsohuwar mota. Highlander mai sautin JBL tana da amfilifaya daban, wanda rediyon kamfani ke yi wa magana. Maɓallan sitiyari su ma haka. Ana buƙatar wayarin ɗin da aka yi don wannan motar da shekararta, mai shiga soket ba tare da yanka ba, da ɗan akwatin nan da muke kira kanbas wanda yake fassara tsakanin motar da sabon sikirin. Kuɗi ne, shi ya sa ba ya saye. Sai ya tsallake amfilifayar, sautin ya koma siriri, wasu sifikun su yi shiru, maɓallan sitiyari su mutu. Wata Hajiya ta zo da Lexus RX 330, irin wadda ake sarrafa AC ɗinta ta cikin sikirin ɗin kamfani. Ya cire mata shi ya saka nasa, AC ta tsaya a inda ya bar ta, ba ragi ba ƙari. Ta ce min, "Ɗana, cewa ya yi in bari ta yi ofdet da kanta." Babu wani ofdet da zai dawo da abin da aka yanke da filaya. Ga zafin Kano da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga jikoki tana kaiwa makaranta.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba wannan ba ne. A bayan dashbod akwai wayoyin jakar iska ta kariya, soket ɗinsu ruwan ɗorawa ne don kowa ya gane ya kauce musu. Mutumin da yake yanka waya a gurguje da fitilar waya a baki, magariba ta kawo kai, ba ya tantance komai. Waya tsirara babu fiyus kuwa, gobara ce take jiran rana.

Taswirar ma akwai magana. Yana karɓar wani kuɗi daban wai na buɗe taswira har abada. Jama'a, Google Maps kyauta ce, ba a sayar da ita, kuma za ka iya sauke taswirar Kano gaba ɗaya a ciki ka yi amfani da ita ko babu data. Abin da na'urar ke buƙata shi ne eriyar GPS, wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu da doguwar waya, a ɗora shi inda ƙarfe bai rufe shi daga sama ba. Sai ya kama tauraron ɗan'adam aƙalla huɗu kafin ya san inda kake. A motocin nan na tarar da eriyar a naɗe da robarta a bayan rediyo, a wata ma babu ita sam. A wurin gwaji da intanet ɗin wayarsa yake haɗawa, ɗigon da ke nuna inda kake a taswira ya nuna unguwarku daidai gwargwado, ka gamsu. Ranar da ka hau titin Zariya za ka ga ka wuce Na'ibawa, ɗigon yana nan a ƙofar gidanka.

Ba ina cewa duk mai sayar da sikirin ɗin Android macuci ba ne. A garin nan akwai masu shago na gaskiya da na sani, waɗanda za su ce maka wannan gig 2 ne, ga kuɗinsa, wancan mai ƙwaƙwalwa takwas ne, ga nasa. Ƙaramin ma yana aiki in rediyo da kyamarar ribas da kiran waya kawai kake so. Laifin shi ne a sayar maka da ƙarami da sunan babba. Algus ke nan, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Yana kuma zubar mana da mutuncin sana'a, domin yanzu mai mota yana shigowa gareji da zargi tun kafin ya yi sallama.

Duk wanda zai saka, kar ya yi cinikin biri a sama. Ka je shagon da ƙafarka, wanda in matsala ta taso za ka dawo ka same shi, maƙwabtansa sun san shi, shugabannin kasuwar sun san shi. A jona na'urar a kan tebur kafin a taɓa motarka. Ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka, ka sauke AIDA64 ko Device Info HW da hannunka daga Play Store, kar ka yarda da wadda ka tarar a ciki, ka duba API da yawan ƙwaƙwalwar injin. Wasu na'urorin har waɗannan manhajojin suke ruɗa, don haka in an ce maka gig 128 ce, ka zo da filash cike da bidiyo ka kwafa abin da ya haura gig 40 ka ga ko zai shiga ya buɗe. Zai ɗauki lokaci, mai gaskiya zai ba ka kujera. Ka ce a nuna maka wayarin ɗin motarka da kanbas ɗinsa, ka faɗa tun farko cewa ba ka yarda a yanka maka waya ko ɗaya ba. Da safe za a yi aikin, kana tsaye. An gama, ka kashe mota ka zare makulli ka ga sikirin ya mutu gaba ɗaya, ba fuskar kawai ta yi duhu ba, ka gwada kowane maɓallin sitiyari, kowace sifika, AC, ribas, ka zaga unguwa da data a kashe ka ga ko taswira tana bin ka. Rediyonka na asali ka saka shi a but ka tafi da abinka. A rasit a rubuta ram da ma'adana da tsawon garanti. Kalmar sirrin Gmail ɗinka kuwa kai za ka shigar da ita, kar ka karanta wa kowa.

Wanda abin ya riga ya shafa, kar kunya ta sa ya yi shiru, shirun nan ne yake ba shi damar canza suna ya ci gaba. Ka adana hirarku ta WhatsApp, hoton tallan, shaidar tura kuɗi da sunan asusun da kuɗin ya shiga, domin ya fi lambar waya wahalar canzawa. Ka sanar da bankinka, ka kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa, ka kuma kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta jihar Kano ko ta tarayya, FCCPC. Kafin a gyara wayarin ɗin, a ɗauki hoton yadda ya bar shi. In shi ya shigar maka da Gmail, ka canza kalmar sirrin yau. In kuma motarka ta fara kwana ba ta tashi tun bayan saka sikirin, ko kana jin ƙaurin roba daga dashbod, kar ka sayi batir tukuna, kar ka taɓa altaneta. Ka cire kan batir mai baƙar waya in za ta kwana, da safe ka kai ta wurin mai wayarin ɗin da ka yarda da shi ya buɗe ya duba.