Na sauke motata da koyiloba: abin da ya same ni a hanyar Rigasa

Motata Honda Accord ce ta 2008, wadda ake kira Evil Spirit. Shekara uku ina hawanta lafiya, amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai, wato tazarar da ke tsakanin taya da madigadi. Da na saka mata rim mai inci 18 sai tazarar ta ƙara fitowa fili, hannu ya shiga har da saura. Duk sanda na faka na waiwayo sai in ga kamar ta ɗage wando.

Wani yaro a Panteka, a nan Kaduna, ya ce in kawo ya yanke mini sifirin, aikin awa ɗaya ne. Ban yarda ba, don na taɓa shiga motar da aka yi wa haka, tana tsalle kamar akuya, in aka ɗaga ta a jak sifirin ɗin har motsi yake a mazauninsa. Sai na koma bincike. Akwai gajeren sifirin irin na kamfanonin Eibach da H&R, amma in ka ɗora shi kan shokazoba na asali, shokazoban zai riƙa aiki a danne, bai daɗewa yake mutuwa. Shi ya sa kamfanin Bilstein suka ware shokazobansu B8 don gajeren sifirin, B6 kuma don motar da ke tsayinta na kamfani. Ni dai raina ya tafi kan koyiloba, wanda sifirin da shokazoba suke haɗe, jikinsa da zare kamar noti, ka murɗa mota ta sauka, ka murɗa ta hau. Na so Tein na Japan ko BC Racing na Taiwan, to amma kowa ya san inda dala take. Sai na ci karo da wani mai sayarwa a Legas yana tallan wani saiti da ban taɓa jin sunansa ba, ya rantse mini cewa duk abu ɗaya ne, suna kawai ake saya. Na tura kuɗi, ya sako a mota, na je Mando na karɓa.

Gaskiya ranar da aka ɗaura na ji daɗi. A watan Afrilu ne, aka sauke ta kamar santimita biyar, tayoyin suka cika gurbinsu ɗas. Da daddare na hau gadar Kawo, na gangaro Ali Akilu, na bi Ahmadu Bello Way, motar ta manne da kwalta. Kwanar da a da sai ta kwanta gefe, yanzu tsaf take shiga. In na taka birki hancinta ba ya dukan ƙasa kamar da. A Murtala Square samari biyu suka tsaya suna tambayata inda na samo. Har yau ba zan ce wannan ɓangaren ƙarya ba ne. Wanda rayuwarsa ke tsakanin Unguwar Rimi da Malali, shi kaɗai a mota, zai iya yin wata da watanni yana yabon kayan nan.

Ranar da abin ya fito kuwa wata Asabar ce cikin Agusta. Suna ake yi a gidan ƙanwata a Rigasa. Na ɗauki Umma da gwaggona da matata, a but kuma akwai buhun shinkafa da kuloli biyu na abinci da katan-katan na lemo. An kwana ana ruwa. Tun muna fitowa daga gida na ji tayar baya tana gogar madigadi, shuuu, duk sanda muka taka ɗan tudu. Na rage gudu, na ce a raina za mu lallaɓa.

Muna sauka daga babban titi muka shiga layin, ruwa ya kwanta ya rufe komai. Ina tafiya a hankali, Allah ne shaidata, gudun da mai tafiya a ƙasa zai iya cim mini. Sai tayar baya ta dama ta faɗa wani rami da ruwa ya ɓoye. Ƙarar da ta fito ba irin ta gargada ba ce, ƙarfe ne ya daki ƙarfe, gam! Umma ta yi salati da ƙarfi ta dafe ƙugu. Ita da ma tana fama da ciwon baya, wata shida ana yi mata gashi. Kafin in dawo hayyacina salansa ta hau kan wani dutse ta zauna, motar ta ƙi gaba ta ƙi baya.

“Umma, sannu. Kin ji ciwo?”

Ba ta amsa mini nan take ba. Sai da ta numfasa ta ce, “Ɗan nan, me ka yi wa motar nan? Da ba haka take ba.”

Wannan tambayar ta fi komai yi mini zafi. Dole muka sauke su cikin taɓo, tsofaffi biyu da atamfar suna, aka tsaida Keke Napep ya ƙarasa da su. Yaran unguwa shida suka ɗaga bayan motar kafin ta sauka daga kan dutsen. Umma ta kwana uku ba ta iya yin sallah a tsaye. Mutum ya sayi kaya da kuɗinsa don jin daɗi, ƙarshe uwarsa ta koma sallah a zaune. Duk sanda na tuna sai raina ya sake ɓaci.

Ranar Litinin na kai wa wani dattijon bakanike a Kurmin Mashi, ba wanda ya ɗaura ba. Ya ɗaga ta, ya haska fitila, ya kira ni in leƙa da idona. Shokazoban baya na dama ya jiƙe sharkaf da mai, ƙura da laka sun manne a jiki. Robar nan da ke kan sandar shokazoba, wadda ke tare duka in ya kai ƙarshe, ta farfashe, guntunta kawai ya rage. Ya ɓallo shi da yatsa ya miƙo mini, ya murje a hannuna kamar busasshen burodi. Wata huɗu kacal!

Ya ce, “Alhaji, wa ya saita maka wannan?” Na gaya masa. Ya girgiza kai ya nuna mini zoben da sifirin ke zaune a kai. Ashe koyiloba iri biyu ne. Akwai wanda ƙafarsa ta ƙasa ake murɗawa, dukan jikin ya gajarta, mota ta sauka amma sandar tana da sauran wurin shiga da fita yadda aka ƙera ta. Akwai kuma wanda zoben sifirin kawai ake saukarwa, shi kuwa duk santimitar da ka sauke daga hanyar sandar ka cire ta. Nawa na biyun ne. Da mutum huɗu da kaya a but, abin da ya rage wa sandar kafin ta daki ƙarshe bai fi faɗin yatsa ba. Ramin Rigasa ya ƙarasa aikin ne kawai.

A nan na ɗan sassauta wa mai sayarwar a zuciyata, na ce laifin wanda ya ɗaura ne da ya sauke ta da yawa, da ni da ban tambaya ba. Amma da muka zo ɗaga motar sai fushina ya dawo sabo. Zoben ya ƙi murɗuwa. Tsatsa ta ci zaren, damina ɗaya ko ƙarewa ba ta yi ba. Ɗan sifanan da ya zo cikin kwali ya lanƙwashe a murɗa ta biyu. Sai da aka jiƙa da mai aka bar shi ya kwana, aka dawo da guduma. To ina amfanin koyiloba in ba ya murɗuwa? Ai don wannan murɗawar na biya kuɗin.

Sai maɓallin da ke sama, wanda aka ce yana ƙara tauri ko laushi. Tein Flex Z mataki 16 gare shi, BC Racing na BR mataki 30, kuma na hau motar abokina mai BC, ka murɗa biyar za ka ji bambanci a jikinka. Nawa mun cire shi mun gwada da hannu, daga farko har ƙarshe turawa ɗaya ce. Ƙas-ƙas ɗin kawai yake yi. A jikin sifirin an buga 12 a na gaba, 8 a na baya, ma'ana kilo 12 ne ke danne shi milimita ɗaya. Dattijon ya ce ba taurin sifirin kaɗai ne matsala ba, shokazoban ne ba shi da ƙarfin riƙe shi, shi ya sa in na taka tudun rage gudu motar ke ci gaba da lilo sau biyu ko uku. Na sha jin wannan lilon a hanyar Zariya, na ɗauka haka duk motar da aka sauke take.

Kuma ga tayoyi. Sababbi na saka a watan Maris, na baya duk sun cinye ta ciki har waya ta kusa fitowa, ta waje kuwa kamar jiya aka saya. Wannan Accord ɗin in ta sauka kan tayoyin baya yana kwantawa ciki, kuma kamfani bai yi mata wurin gyara wannan kwanciyar ba, sai ka sayi wani hannu na daban mai zare. Babu wanda ya gaya mini. Alaimen ma ba a yi ba bayan an ɗaura, aka ce mini ba ya buƙata. Yana buƙata, kuma a ranar.

Na ɗauki hoton shokazoban da man da ya zubar na tura wa mutumin Legas. Kafin in biya, in na yi magana ko minti biyu ba ya yi ya amsa, har “Alhajina” yake ce mini. Yanzu amsarsa ɗaya: hanyoyinku ne ba kyau. Da yake karɓar kuɗina bai san Kaduna zai aiko ba? Na tambaye shi ko zai sayar mini da na baya guda ɗaya, ya ce sai dai saiti gaba ɗaya. Manyan kamfanonin ana samun guda, wasu ma ana buɗe su a sake musu roba da mai. Wannan in ya mutu ya mutu.

Mun cire duka huɗun. Allah ya sa ban zubar da sifirin ɗina na asali ba, muka mayar da su kan sababbin shokazoba na KYB Excel-G, na sayi taya biyu, aka yi alaimen, aka yi wa salansa walda. Tazarar nan da na tsana ta dawo, kuma har yanzu in na ga motar da aka sauke da kyau sai na bi ta da kallo. In na sake yi, mai murɗa ƙafa zan saya, na kamfanin da ake samun kayan gyaransa, santimita biyu zuwa uku kawai, a shafe zaren da giris tun ranar farko, sannan a gwada da mutum huɗu a ciki kafin in bar gareji.

Makon jiya na kai Umma asibiti a motar. Da muka zo tudun farko na ga ta riƙe ƙofa ta runtse ido, har muka haye ba ta saki ba. Tsofaffin koyiloban suna cikin kwalinsu a sito. Wani ya taya, na ce ba na sayarwa ba ne.