Gargaɗi ga masu motoci: ana sayar da jabun sensar iska a kwalin orijina

Duk wanda bakanike ya ce masa sensar iskar injinsa ta mutu, ya dakata kafin ya zaro kuɗi. Wannan 'yar na'ura, wadda ake rubuta sunanta MAF a jikin kwali, tana cikin kayan gyaran da aka fi cutar mutane da su, don jabunta ba ya saurin nuna kansa a ido. Yana shiga mazauninsa daidai, soket ya kama, mota ta tashi. Sai bayan kwanaki mai ya fara zurarewa, mota ta riƙa shaƙewa idan an taka totur, lokacin kuwa mai sayarwa ya riga ya ce kayan lantarki ba a mayar da su.

Sensar tana zaune ne tsakanin akwatin filtar iska da bakin totur. A cikinta akwai siririyar waya ko ɗan falle da lantarki ke zafafawa. Iskar da injin ke zuƙa tana sanyaya shi, yawan wutar da ake buƙata don ya riƙe zafinsa shi ke nuna nauyin iskar da ta shige, giram nawa a daƙiƙa. Da wannan lissafi kwamfutar mota ke auna fetur, kusan kashi 1 na mai ga kashi 14.7 na iska a ma'aunin nauyi. To, kowane injin da irin ma'aunin da aka saita wa sensarsa a masana'anta, a nan kuma jabu ke faɗuwa. Masu kwaikwayo sun iya zuba roba ta fito sak, amma saitin ciki ba su damu da shi ba. Sau da yawa tana karanta abin da ya yi kusa da daidai a silo, ta kauce idan injin ya ɗauki nauyi.

Hanyoyin damfarar ba ɗaya ba ne. Akwai sabon jabu da aka buga wa sunan Bosch, Denso ko Hitachi. Akwai tsohuwar sensa da aka ciro daga wata mota, aka wanke, aka goge, aka sa a leda mai kyau a matsayin sabuwa. Akwai masu talla a intanet da ke ɗora hoton orijina su aiko da wani abu daban. Akwai kuma mai cewa tasa "tana shiga kowace mota". Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Wasu sensocin suna aika saƙo ta hawa da saukar ƙarfin lantarki tsakanin bolt 0 da 5, wasu ta yawan bugun sigina, kuma kwamfutar da aka gina don ɗaya ba ta jin yaren ɗayar. Soket ɗinsu na iya zama iri ɗaya, fil biyar-biyar, amma jerin wayoyin ya bambanta.

Wadda ta fi ciwo ita ce ta sayar maka da abin da ba ka buƙata. Za a cire soket ɗin sensar alhali injin na aiki, mota ta ɗan daidaita, a ce maka "ka gani, ita ce". Wannan gwaji ba hujja ba ne. Idan aka cire soket, kwamfuta na komawa kan wani lissafin ko-ta-kwana da ke ajiye a cikinta, wanda kan ƙara mai, don haka ko tiyo ne ya tsage motar za ta iya yin kamar ta warke. Haka lambobin da sikana, na'urar da ke karanta kwamfutar mota, ke nunawa: P0101, P0102 ko P0171 suna faɗin inda aka ga matsala ne, ba su ce sensar ta mutu ba. Tsagewar tiyon roba da ke bayan sensar, kilif da ya saki, filtar da ta toshe ko aka sa ta a karkace, wayar soket da ta ci, famfon mai da ya yi rauni, duk suna iya haifar da irin waɗannan lambobi. Sai a ɗaura maka jabu, a riƙe taka ta asali mai lafiya, a wanke ta a sayar wa na gaba.

Saboda haka kafin saye, a sa sikana mai nuna karatu kai tsaye. Injin ya yi zafi, a kashe na'urar sanyaya mota da fitilu, a bar shi a silo. Injin mai silinda huɗu na lita 1.8 zuwa 2.4 yakan nuna kimanin giram 2 zuwa 4 a daƙiƙa, kuma adadin ya hau sumul idan an taka totur a hankali, ba tsalle ba tsayawa. Sannan a duba gyaran mai na dogon zango, wato yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa a kan lissafinta, wanda sikana ke rubutawa LTFT. Idan ya wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, akwai magana. Ga inda ake rarrabewa: in adadin ya yi sama a silo amma ya sauko da an kai injin juyi 2,500 a minti, iska ce ke satar hanya ta wata ɓaraka, sabuwar sensa ba za ta magance ba. In kuwa a silo lafiya lau, sai an ƙara wuta yake hawa, to sensar ce ke rage lissafi, kuma galibi datti ne. A fesa mata maganin da aka yi musamman don wanke sensar iska, a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar. Kada a taɓa wayar da yatsa, auduga ko burushi, kada a yi amfani da fetur ko maganin wanke kafireta. Sensoci masu yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa wanki kawai suke nema.

In ta tabbata sai an canza, lambar da ke jikin tsohuwar ita ce jagora, ba sunan mota da shekararta ba, domin mota ɗaya kan fito da injuna daban-daban. Na Toyota yawanci suna farawa da 22204, na Nissan da 22680, na Bosch na injin fetur da 0 280, lambobin ƙarshe kuma dole su dace ko a tabbatar da madadinsu ta lambar shasi. A ɗora sabuwar kusa da tsohuwar a duba. Rubutun orijina a tsaftace yake, ba ya gogewa da farce. A lura da tsinin roba da ba a share ba a gefuna, fil ɗin soket masu laushi ko karkatattu, zoben roba da ya bushe, da alamar sukurudireba a kan kusoshi, wadda ke tona asirin cewa an taɓa ɗaura ta. A leƙa ciki da tocila: ƙura ko maiƙo a kan wayar na nufin ta sha aiki. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas da na dillalan kamfani shi ma shaida ne, ko da yake wasu 'yan damfara sun gane haka, suna tsuga wa jabun kuɗin orijina.

Wasu sensocin Bosch an saita su ne tare da bututun da suke ciki, shi ya sa aka ɗaure su da kusoshi na musamman. Sayen cikin kaɗai a cusa a bututun wata mota mai faɗi daban yana ɓata lissafi ko da orijina ce.

A nemi rasit mai ɗauke da lambar kayan da sharaɗin mayarwa a rubuce. Wanda ya ƙi, a bar masa kayansa. Wajen ɗaurawa a bi kibiyar da ke jiki, ta fuskanci injin. A goge tsofaffin lambobi da tsohon gyaran mai, a yi tafiyar minti 15 zuwa 20 da ta haɗa da hawa da gudu, a sake karanta LTFT. Mutuwar fitilar cek injin ba ta isa shaida ba, kowa na iya goge ta da sikana cikin daƙiƙa biyar. Jabun da ke sa mai ya yi yawa yana baƙanta fulogi, ya lalata sensar hayaƙi, ya ƙona katalis, wato matacin hayaƙin da ke cikin salansa, wanda kuɗinsa ya ninka na sensar. Wanda ke rage mai kuma yana sa injin zafi da ƙwanƙwasa. Tsohuwar sensarka a hannunka za ta koma gida, a sa ta a leda mai tsabta a ajiye, don in sabuwar ta nuna karatun banza akwai abin da za a mayar a gwada.