Ruwan da ke tsayar da zuciya: saƙo daga Landan

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga amsar tambayarka, tunda ka ce wani abokin cinikinka a shagon magani ya rantse ba a tsayar da zuciya mutum ya tashi.

Ana tsayar da ita a lokacin tiyata mutum kuma ya tashi, kuma da wannan aiki nake cin abinci a nan. Da farko ana ba majinyaci heparin don kada jininsa ya daskare a bututu, sannan a haɗa shi da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, irin wanda John Gibbon ya fara yin nasara da shi a Amurka a 1953. Likita zai matse babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, ni kuma in tura ruwan da ake kira kadiyofilejiya, mai sanyin digiri 4, cikin jijiyoyin da ke ciyar da ita. Fotasiyam ɗin ciki ya ninka na jinin mutum kusan sau huɗu, shi ke hana tsokar motsawa har ta kwanta a sake, sanyin kuma ya rage mata buƙatar iska. Har yau idan layin allon da ke nuna bugun zuciya ya miƙe sai na yi salati a raina.

Akwai haɗin asibitin St Thomas na nan Landan, na shekarun 1970, wanda ake maimaitawa kamar kowane minti 20, akwai kuma na del Nido da aka fara yi domin yara, wanda ake gauraya kashi huɗu na ruwa da kashi ɗaya na jini, ba da shi sau ɗaya yakan kai minti 90. Jamusawa suna da nasu, Custodiol.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne kayan haɗin del Nido, domin a ciki akwai fotasiyam da magniziyam da bikabonet da lidoken ɗin da ake kashe zafin ɗinki da shi, kuma babu wanda ba za a samu a Kano ba. Hidimar da ke kewaye da ruwan ce ta bambanta. Ledar ruwan tana zuwa a haɗe, tana zaune a firjin da ake rubuta sanyinsa kullum, mutum biyu suke duba ta kafin a rataye, wuta ba ta ƙiftawa, kuma NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, ke biya, ba a miƙa wa dangi takarda su bazama kemis cikin dare kamar yadda muka yi lokacin jinyar Baba. Sai dai majinyaci yakan jira watanni kafin layi ya zo kansa, kuma ba mai jinya da zai kwana a gefensa.

Yawancin waɗanda muke yi wa aiki tsofaffi ne masu toshewar jijiya, alhali a gida samari da 'yan mata ne da ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata musu bawul, wato ƙofofin jini na cikin zuciya, abin da penisilin zai iya tarewa tun farko. Ga shi tun 1974 aka fara irin wannan tiyata a Inugu.

Roƙona ɗaya, Yaya: a nan kulle allurar fotasiyam ake yi, saboda idan aka tura ta jijiya ba a sirka ba nan take zuciya za ta tsaya, babu injin da zai karɓe ta. Idan kana ajiye ta a shago, ka raba ta da ruwan allura, domin kwalabensu sun yi kama ƙwarai.