Wata Shida Ina Cin Abincin Lafiya Na Yayi: Ga Abin Da Na Gani

Ina shiga shekara 42 jikina ya fara ƙorafi. Da rana ta take sai gajiya ta rufe ni, ciki kullum a kumbure, bayan gida kuma sai in kwana biyu ban zaga ba. Na je asibiti aka ɗebi jini. Likita ta duba takardar ta ce babu abin tayar da hankali, sai dai kolestirol ɗina, wato wani irin kitse da ke cikin jini, ya kai bakin iyaka, don haka in gyara cimata, in riƙa motsa jiki, in dawo bayan wata shida. Da wannan "gyara cima" na fito, na kai ta intanet. Kafin sati biyu wayata ta cika da bidiyon mutane masu fata luwai-luwai, kowa riƙe da kofin wani koren abin sha yana rantsuwa cewa shi ne ya canza masa rayuwa.

Daga ƙarshe na yi rajista da wani kamfani da ke aiko da kwalin irin waɗannan kaya duk wata. Ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da zan faɗa ya shafi ire-irensa duka. A cikin kwalin akwai koren gari, da ƙwayar ciya, da hatsin kinwa, da busassun 'ya'yan goji, da man kwakwa, da khal ɗin tuffa, da gishirin Himalaya mai ruwan hoda. Ta fuskar hidima ban da abin zargi. Kaya na zuwa a kan lokaci, a rufe tsaf, in ka rubuta musu suna amsawa cikin ladabi. Matsalata tana cikin ɗan littafin da ke biyo kwalin, wanda ya yi alkawarin wanke guba daga jiki, da ƙona kitse, da ƙarfafa garkuwar jiki. Na bi umarninsa sau da ƙafa har wata shida, in ban da khal ɗin tuffa da na bari a hanya.

Zan fara da wanda ya yi mini rana, wato ƙwayar ciya. Asalinta daga Meziko da Gwatamala ne, ƙanana ce baƙaƙe da farare, in ka jiƙa ta sai ta sha ruwa kamar ninki goma na nauyinta ta yi yauƙi. Cokali biyu, kimanin giram 28, yana ɗauke da faiba wajen giram 10, wato harzar nan ta abinci da ke sa hanji ya yi aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla giram 25 a rana. Cikin kwana goma matsalar bayan gida ta kau, kuma na ji daɗi ƙwarai. Shawara ɗaya ga mai son gwadawa: a jiƙa ta tukuna, kada a haɗiye ta a bushe a kora da ruwa, don tana iya kumbura a maƙogwaro.

Ina cikin yabonta ne ƙanwata, wadda ta karanta fannin abinci da gina jiki, ta ce, "Yaya, ai kofi ɗaya na dafaffen wake yana da faiba wajen giram 11 zuwa 15. Ba ciyar ce ta yi abin mamaki ba, cimarki ce da ma ba ta da harza." Na ce to omega-3 fa, wani irin maiƙo mai amfani ga jiki wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin leda? Ta bayyana mini cewa irin wanda ke cikin ciya sai jiki ya juya shi kafin ya zama irin wanda zuciya da ƙwaƙwalwa suka fi amfana da shi, kuma ɗan kaɗan ne yake juyuwa. Kifi mai maiƙo irin sadin kuwa a shirye yake ba da shi. Ban daina cin ciya ba, amma daga ranar na san matsayinta.

Man kwakwa ne ya ɓata mini rai, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Littafin ya ce a ajiye sauran mai a koma girki da shi, a kuma sha cokali ɗaya da safe kafin a ci komai. Haka na yi kullum, da zuciya ɗaya, ina ganin ina kyautata wa zuciyata. Da wata shida ya cika na koma asibiti da ƙwarin gwiwa. Sakamako ya fito, mugun kolestirol ɗin, wanda ke taruwa a jijiyoyin jini, ya hau maimakon ya sauka. Likita ta ɗago kai ta ce, "Hajiya, me kika canza a girkinki?" Da na faɗa mata sai ta ajiye biro. Ta ce kashi 82 cikin ɗari na man kwakwa kitse ne mai daskarewa, alhali bota ma kashi 63 ne, kuma tun a 2017 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a guji girki da shi saboda yana ɗaga mugun kolestirol. Na daina, na koma man da nake amfani da shi a da, bayan wata uku aka sake gwaji, adadin ya sauko.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan ba ɓoyayyen ilimi ba ne. Shekaru kenan da saninsa. Wanda ya rubuta ɗan littafin ko dai ya sani ya yi shiru, ko kuma bai damu ya bincika ba, kuma duka biyun laifi ne a wurin mai sayar wa mutane abu da sunan lafiya. Ni da na je neman maganin kolestirol, aka miƙo mini abin da ke ƙara shi, da hoton ganye kore shar a jikin kwalba.

Koren garin kuwa illarsa ta wata hanya ta biyo, kuma na daɗe ban gane ba. Ɗanɗanonsa kamar ciyawar da ta kwana a ruwa, amma wannan ba komai ba ne, mutum na sabawa. A jikin gwangwanin an jero kaya fiye da talatin, har da sifirulina, wata irin gansakuka da ake yawan yabo, amma ba a faɗi yawan kowanne ba, an dai haɗe su a ƙarƙashin suna ɗaya. Ɗan ludayin awon da ke ciki bai wuce giram 10 ba. Raba giram 10 gida talatin ka ga abin da kowane ganye zai samu. Gaskiya ne kusan kashi 60 cikin ɗari na busasshiyar sifirulina furotin ne, sai dai ƙaramin cokali ɗaya giram uku ne kacal, ke nan furotin ɗin bai cika giram biyu ba, alhali ƙwai ɗaya na ba da giram shida. Bitamin B12 da ake cewa tana da shi ma, yawancinsa wani nau'i ne da jikin ɗan'adam ba ya amfana da shi, abin da ya kamata wanda ba ya cin nama ya sani kafin ya dogara da ita.

Amma ainihin ɓarnar a cikin kaina ta faru. Da zarar na shanye kofin nan da safe, sai in ji na sauke nauyin ganye na ranar. A hankali na rage sayen kabeji da karas da alayyafo, lemo da ayaba suka riƙa lalacewa a kan tebur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, ni kuma na musanya su da giram 10 na gari, ina jin na fi kowa kula da kaina. Ganyen da ake taunawa yana cika ciki, yana da ruwa da harza, yana hana ka kai hannu ga abin da bai kamata ba bayan awa ɗaya. Gari ba ya yin ko ɗaya daga ciki. Batun wanke guba kuwa, hanta da ƙoda ne ke wannan aiki dare da rana, kuma ko sau ɗaya littafin bai faɗi sunan gubar da garin ke fitarwa ba.

Akwai kalma guda da ke jikin kusan kowace leda, wato antiyoksidan, sinadaran da ake cewa suna hana ƙwayoyin jiki lalacewa. Ƙanwata ce ta ba ni labarin da ya sa na daina ruɗuwa da ita. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta taɓa wallafa jadawalin da ke nuna ƙarfin waɗannan sinadarai a cikin abinci iri-iri, 'yan kasuwa suka riƙa ɗaukar alkaluman suna talla da su. A 2012 ma'aikatar ta janye jadawalin gaba ɗaya, ta ce abin da aka auna a kwalbar gwaji bai nuna abin da ke faruwa a jikin mutum ba. Tun kafin nan ma, a 1994, an fitar da sakamakon wani babban bincike a Finlan a kan maza masu shan taba kimanin 29,000. Waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, cutar dajin huhu ta fi kama su da kashi 18 cikin ɗari a kan waɗanda ba a ba su ba. Karas bai yi laifi ba. Ciro abu ɗaya daga cikinsa a tattara shi a ɗura wa mutum, wannan wani lamari ne daban.

Ita kanta kalmar superfood, wato abincin da wai ya fi kowane abinci amfani, da ake liƙa wa waɗannan kaya ba ta likitoci ba ce, ta 'yan talla ce. Tun 2007 Tarayyar Turai ta hana a buga ta a jikin kaya sai da wata hujjar lafiya da hukuma ta amince da ita. A Amurka kuma, dokar 1994 ta ba masu yin irin su garin nan da ƙwayoyin ƙarin abinci damar kai kayansu kasuwa ba tare da sun fara tabbatar wa hukuma cewa suna aiki ba. Wanda ya san wannan zai karanta bayan gwangwani da wani ido.

Sauran kayan ba su da dogon labari. Kinwa na da daɗi in an wanke ta sosai ɗacin bayanta ya fita. Abincin mutanen tsaunukan Peru da Bolibiya ce tun dubban shekaru, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata shekarar 2013, kuma kofi ɗaya dafaffe na da furotin wajen giram takwas. Hatsi ne mai kyau, shi ke nan. Goji kamar zabibi mai ɗan tsami. Gishirin mai ruwan hoda daga Khewra ta Pakistan ake haƙo shi, kusan kashi 98 cikin ɗari gishiri ne kamar kowane gishiri, kuma yawanci ba a sa masa aidin, sinadarin da ke kare mutum daga maƙoƙo, don haka na mayar da gishiri mai aidin kan kantata. Khal ɗin tuffa ya sa mini ƙwannafi, haƙorana suka fara zugi in na sha ruwan sanyi, na bar shi a wata na biyu. Binciken da ake yawan kafa hujja da shi an yi shi a Japan a 2009, ma'aikatan wani kamfanin khal ne suka yi, an rage kilo ɗaya zuwa biyu cikin sati 12, kuma nauyin ya dawo bayan an daina sha.

To amma na ji sauƙi a wata shidan nan, ba zan ɓoye ba. Gajiya ta ragu, barci ya gyaru. Da na zauna na lissafa, sai na ga abubuwan da suka shigo tare da kwalin ba tare da na lura ba. Na fara karya kumallo a kan lokaci saboda ciya, ina shan ruwa da yawa saboda ita, na bar lemon kwalba don ina ganin bai dace da sabuwar rayuwata ba, ina tafiyar rabin awa da yamma. Tun da na soke rajistar ban bar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma sauƙin bai tafi ba.

Dalilin da ya sa ban ɗauki lamarin da wasa ba shi ne gwaggota. Tana da hawan jini, ta ga kwalaben a ɗakin girkina, ta kuma ga irin bidiyon da nake gani. Wata rana ta kira ni ta ce, "'Yata, ki samo mini khal ɗin nan da koren garin, na gaji da haɗiyar ƙwayoyin asibiti, an ce waɗannan sun fi su." Gabana ya faɗi. Na ce, "Gwaggo, don Allah kada ki bar maganinki ko na kwana ɗaya. Ni da na sha na tsawon watanni, ban ga abin da zai maye gurbinsa ba." Sai da na je har gida na zauna da ita, na nuna mata takardun gwajina guda uku, kafin ta haƙura. Da na ci gaba da yabon kayan nan kamar yadda na yi a watannin farko, da ni ce zan zama hujjarta.

In za a tambaye ni ko zan ba wani shawarar ya yi rajistar irin wannan kwali, amsata a'a ce. Ciya ina saye ita kaɗai lokaci-lokaci, kinwa in na yi marmari. Ragowar man kwakwan na mayar da shi na shafawa a gashi da ƙafa, kuma a nan yana aiki sosai. Gwangwanin koren garin na ƙarshe ban buɗe shi ba, na hana kowa a gidan ɗauka ya kai wa Gwaggo. Nan da wata biyu zan koma a sake ɗibar jini.