Gidan dilka a Domayo: inda na kai yayata bayan fitar takaba

A Domayo gidan yake, nan cikin Marwa a arewacin Kamaru, ba allo a ƙofa, sai ƙamshin turaren wuta ne zai nuna miki kin iso. Mai shi wata Hajiya ce 'yar Chadi, tana haɗa Hausa da Larabci da Fulatanci a magana ɗaya. Yayata na kai, sati ɗaya da fitar takabarta. Mijinta direba ne, 'yan bindiga suka tare shi a hanyar Mora zuwa Kusiri, har yau ba wanda aka kama. Tun 2014 yankin nan ke binne mutane ta irin wannan hanya, a yi zaman makoki, a watse, a bar matar da wata huɗu da kwana goma ba turare, ba kwalli, ba lalle.

Abin da ya sa nake yaba gidan shi ne yadda aka karɓe ta. Hajiya ta yi mata ta'aziyya sau ɗaya, "Allah ya jiƙansa, 'yata, ya ba ki haƙuri," ba ta ƙara tono zancen ba. Ta zaunar da ita a tabarma, ta miƙa mata shayi mai kanumfari, sannan aka fara. Dilkar da hannu ake murza ta, a hankali, daga wuya zuwa tafin ƙafa, kina ganin dattin watanni yana mulmulowa yana zuba kan zani. Da aka zo kafaɗa yayata ta fashe da kuka. Yarinyar da ke murzar ba ta tsaya ba, ba ta ce mata ta yi shiru ba, ta dai sassauta hannu. Wannan kaɗai ya isa kuɗin da muka biya.

Ba a sayar da man bilicin a gidan, kuma ina so a ji wannan. Gwamnatin Kamaru ta hana irin mayukan nan masu haɗari a 2022, amma har gobe wasu masu gyaran jiki suna zuba su cikin haɗi a ɓoye. Yayata baƙa ce wuluk, haka ta fito, sai sheƙi da santsi. Hajiya ta riƙe hannunta ta ce wannan fata ba ta neman komai sai mai da hutu.

Akwai gyara. Ɗakin turaren tsugunno ƙarami ne, tagarsa ɗaya, a zafin Afrilu mai asma ba za ta jure ba. Jira ma akwai shi, musamman in amare sun cika gidan daga Alhamis. Lallen kuma matsakaici ne, na ga wanda ya fi shi kama hannu.

Wata dattijuwa a danginmu ta ce gaggawar me ake, ko kabarin bai bushe ba. Ban yarda da ita ba. Takaba ta cika kamar yadda addini ya ce, kuma mace mai marayu uku tana bukatar jikin da zai ɗauke su. A hanyar komawa yayata ce da kanta ta ce mu tsaya mu sayi tsire.

Dilka da halawar cire gashi da turare sefa jaka goma muka ba da, lalle daban. Ki je Litinin ko Talata da safe, ki tafi da tsohon zani, don kurkum ɗin da ke cikin haɗin dilka ba ya fita daga tufa.